Takardar da ke cikin shuɗiyar leda

Shekarun baya, lokacin da maganar rushe unguwarmu Zango ta fara yawo a bakin mutane, ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Gyaran mobilet, wato ƙaramin babur, nake yi a gefen kasuwar Sankaryare. Duk takardar da ta shigo hannuna, in dai na ga tambari a jikinta, sai na jefa ta cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona. Matata takan ce, "Malam, akwatin nan naka ya fi ofishin magajin gari cika." Ni kuwa nakan ce mata wanda bai iya karatu ba ba ya zubar da takarda, don bai san wadda za ta cece shi gobe ba.

Gida ɗaya muke zaune da abokina, tela ne. Tare muka sayi gidan a hannun wani tsoho, shi ɗakuna biyu na gabas, ni uku na yamma, kowa da takardarsa. Wata damina rufinsa ya fara yoyo, ya kawo mini tasa a cikin shuɗiyar leda ya ce, "Saka mini a bankinka kafin ruwa ya karanta ta." Muka yi dariya. Bai sake tambayarta ba har ciwon da ya kwantar da shi ya tafi da shi. Ya bar matarsa da 'yan biyu, duka mata.

Tana cikin takaba masu ƙidaya suka shigo unguwa da fenti da manyan littattafai. An ce duk mai takardar gida za a ba shi parsel, wato sabon fili a bayan gari. Amma a bakin masallaci wani ya ce, "Gida ɗaya, parsel ɗaya. In takarda biyu ta fito, tsaga muku za a yi." Ba wanda ya san inda ya ji. Ni dai na riƙe maganar. 'Ya'yana biyar, ga mahaifiyata tsohuwa. Ina kwance tayar mobilet ina auna rabin fili a raina, ina ganin yarana sun girma ba inda za su sa kai.

Wata rana matar marigayin ta kira ni daga bayan labule. "Yaya, ko marigayi ya bar wata takarda a wurinka?"

Na ce, "Zan duba."

Bayan kwana biyu ta sake tambaya. Na ce, "Maman 'yan biyu, takardun sun yi yawa, kin san ni da karatu. Ban gane ta ba."

Ta ce, "To, Allah ya sa a gani."

Ledar tana can ƙasan akwatin, na san kusurwar da take. Ranar da masu ƙidaya suka zo na miƙa tawa ita kaɗai. Aka rubuta ni mai gida, ita aka rubuta ta cikin waɗanda ke zaune a gidan. Da katafila ta iso layinmu, maman 'yan biyu ta kwashe yaranta da keken ɗinkin mijinta a amalanken jaki, ta tafi can ƙarshen gari inda ba a yanka filaye ba, ta kama ɗakin ƙasa. Kwanon rufinta ma ni na ce zan adana mata. Na jibge shi a bayan sabon gidana har ya yi tsatsa.

Ba a yi wata shida ba na gano maƙwabtanmu biyu da suka nuna takarda biyu a gida ɗaya, kowa ya sami nasa cikakke. Ɓoyewar da na yi ba ta ƙara mini ko taku ɗaya ba. Duk da haka ban fito da ita ba. Da farko tsoro ne ya hana ni, yanzu kunya, kuma na lallashi kaina cewa an riga an rufe littafi.

Bayan shekara huɗu na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar. Da na fara haɗa baƙi, na zauna na buɗe akwatin. Abin da na yi shekaru ina gadi kamar zinariya: rasit ɗin wuta, tallar sabulu, takardar maganin tsutsar ciki guda uku. Na yi wa kaina dariya har na kai kan ledar. Da can zane ne kawai a kan farar takarda. Ran nan na bi shi da yatsa, harafi bayan harafi, sai ga sunan abokina ya fito daga bakina.

Washegari na nemi maman 'yan biyu. Na same ta tana suyar ƙosai a bakin hanya, ta rame, hayaƙi ya cinye mata ido. 'Yan biyun an kai su aikatau gidajen mutane. Na miƙa mata ledar na ce na gani. Ta goge hannu a zane, ta juya ta, ba ta ko buɗe ba.

"Na san tana wurinka, Yaya. Ya faɗa mini kafin ya cika, har launin ledar."

Na ce, "To me ya sa ba ki matsa mini ba?"

"Sau biyu na tambaya. Na uku ai ƙaryata ka ne, kai kuwa ka wanke shi da hannunka." Ta mayar mini da ita. "Gidan da ke ciki babu shi. Ci gaba da ajiyewa, ka iya ajiya."

Ban taɓa ɗaukar kaina mai haɗama ba. Ban yi don in yi arziki ba, gobe nake tsoro, kuma mai tsoron gobe ko ya cika hannu biyu gani yake bai riƙe komai ba. Yaran da na yi dominsu, uku sun tafi neman abinci wasu ƙasashe, ɗakunansu a kulle. Na aika mata ta zo ta zauna a ɗaya, ta ce a gode mini.

Sauran takardun duk na ƙone su. Akwatin yana nan ƙarƙashin gado, babu komai a ciki sai ledar, kuma yanzu na iya karanta ta daga sama har ƙasa.