Filashin Biyu Ranar Laraba

Daminar da aka rufe mana makaranta a Kano, garin Ƙofa na koma wajen kakata, wadda muke kira Iya. Na tafi da jaka cike da littattafai, da niyyar in yi bita kafin a koma. Aka share mini ɗakin da ke kusa da zaure, mai taga tana kallon gonar masara. Komai ya yi mini daidai, ban da wayar Iya.

Ƙaramar waya ce mai madannai. Kawuna ne ya saya mata, ita kuma ta ɗinka mata 'yar jaka ta rataya a wuya. Iya ba ta yi boko ba, amma ta san madanni kore ta san ja. A yini wayar nan sai ta yi ƙara sau bakwai ko takwas, kuma da ƙyar a sami kira ɗaya na wanda ya san ta.

Akwai muryar mace da kamfanin layi ya naɗa, mai tallar waƙoƙi da garaɓasa. Iya takan ɗauka ta yi sallama, ta tambayi gida da yara, sannan ta saurara har ƙarshe tana cewa “to”, “madalla”. In muryar ta gama sai ta ce, “Allah ya ba da kasuwa,” sannan ta kashe.

Na ce, “Iya, ba mutum ba ce fa. Na'ura ce.”

Ta ce, “Na'urar ce ta koya wa kanta Hausa? Ai 'yar wani ce ta yi maganar. Ba a katse mutum yana tsakiyar zance.”

Akwai kuma masu neman kifi. Da alama layin, kafin ya zo hannunta, na wani mai sayar da kifi ne a Tiga, don kullum sai an kira a tambaya ko karfasa ta fito. Iya takan yi musu bayani dalla-dalla cewa ba shi ba ne, ta ƙara da cewa in sun same shi su gaishe shi. Wata hantsi kuma wani ya kira da murya mai kauri, ya ce shi aljani ne, an aiko shi da alheri, amma sai ta fara tura masa katin waya.

Iya ta ce, “Sannu da hanya. To kai da kake tashi sama, me za ka yi da kati? Ka zo mana, gidan ba shi da wuyar ganewa.”

Shi ya fara kashewa.

Duk wannan da sauƙi. Inda abin yake taɓa ni shi ne in mai kiran da Turanci ya zo. Sai in ji ta ɗaga murya daga tsakar gida: “Maigida, zo ga Bature.” Maigida take ce mini, irin tsokanar kaka da jika. Ni kuwa ko gaisuwar maƙwabci sai na shirya ta a zuci kafin in furta. Wata rana wani ya ce daga banki yake, yana neman lambobin sirrin Iya. Na tsaya ina ba shi haƙuri cewa ba ta da asusu a banki, na maimaita, na sake maimaitawa, daga ƙarshe har godiya na yi masa. Iya ta yi dariya har da share hawaye da gefen mayafi.

A ranar na ɗauko wani littafin rubutu da ban fara amfani da shi ba, na ja layuka: rana, lokaci, lamba, da abin da mai kiran yake so. Kullum bayan la'asar sai in karɓi wayar in kwafe kiran da ya shigo. A cikinsu har da masu filashin, waɗanda za su kira su katse kafin a ɗauka. Su na fi tsana, don ba su ma bar mini abin da zan rubuta a layin ƙarshe ba. Sai na riƙa sa musu “marasa aikin yi”. Na taɓa ganin an yi wa Iya filashin, ita ma ta danna kore, ta kanga a kunne, ta kashe. Na ɗauka ramuwa take yi, na yi murmushi na ci gaba da karatuna.

Na yi mako biyu ina toshe lambobin ɗaya bayan ɗaya, suna dawowa da sababbi. Sai wata ranar Alhamis, ina bin cikin wayar a tsanake, na gano wani wuri da in ka kunna shi ba wanda zai iya shigowa sai wanda lambarsa ke ajiye a ciki. Na duba, lambobi tara ne a ajiye: kawuna, mahaifiyata, ni, mai kyamis ɗin bakin titi, da wasu 'yan uwa. Na kunna. Ban gaya mata ba. Na ce wa kaina don ta huta na yi, amma gaskiyar ita ce na gaji da zuwa wajen Bature.

Gida ya yi tsit. Cikin kwana biyar na gama littafin da na yi wata guda ina ja da shi. Ruwa yana sauka, masara tana fitar da geza, ni kuma ina kan tabarma ba mai kirana.

Iya ta ce, “Maigida, wayar nan ta rasu ne?”

Na kira ta da tawa, ta yi ƙara a ƙirjinta. Na ce, “Da ranta.”

“To, mutane sun manta da mu ke nan.”

Larabar farko na ga ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida tun bayan azahar, ta ciro wayar daga jakarta ta ɗora a cinya. Ba ta tashi ba sai da aka kira la'asar. Ban kawo komai a raina ba. Laraba ta biyu ma haka ta yi, sai dai a ranar tuwon da ta zuba wa kanta kaji ne suka ci rabinsa. Daga nan tsokanar ta ragu. Ta koma kiran sunana na yanka, abin da ba ta yi sai in akwai magana.

Ranar Litinin na leƙa ɗakinta na tarar ta buɗe akwati tana ninke zannuwa.

“Iya, tafiya za ki yi?”

“In kawunka ya zo Juma'a zan ce ya kai ni Doguwa. Yaya ba ta yi sallama ba, Laraba biyu ke nan.”

Yaya yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage. An kai ta aure wani ƙauye a bayan Doguwa, cikin duwatsu, tun kafin a haifi mahaifiyata. Sau ɗaya na taɓa ganinta ina ƙarami. Na ce ban san suna waya ba.

Iya ta ce, “Ba ma waya. Ita ba ta da waya, garin nasu ma ba sabis sai an fito kasuwa. Kawunka ne ya rubuta mata lambata a takarda, tana nan ɗaure a haɓar zaninta. Ran Laraba in ta kai daddawa kasuwa, duk wanda ta gani da waya sai ta miƙa masa takardar ta ce ya kira sau biyu ya katse. In na ji biyu a jere na san ita ce. Sai ni ma in danna kore, in ta shiga in kashe. Mai wayar ya ce mata na amsa. Shi ke nan, kowa ya ci gaba da harkarsa, ba a ci katin kowa ba.”

“To me ya sa ba kwa yin magana?”

“Da wane kunnen? Yaya ko ganga aka buga mata sai ta ce wa ke daka. Kuma me zan ce mata? Tana raye, ina raye.” Ta danna wani zani cikin akwatin. “Shekara huɗu ba ta taɓa fashi ba, ko ranar ruwa. In ka ji Yaya shiru, to kwance take.”

Na koma ɗakina na buɗe littafin. Ga su nan da rubutun hannuna, kowace Laraba tsakanin azahar da la'asar, lamba ɗaya sau biyu a jere, kowane mako lambar daban. A gefen kowacce na rubuta “marasa aikin yi”. Na karɓo wayar da sunan zan sa mata caji, na shiga inda take tara kiran da ta hana shigowa. Larabar farko an gwada sau uku. Ta biyu sau shida, da lambobi uku daban-daban.

Na daɗe a bakin ƙofarta ina jera kalmomi a zuci. Da na shiga duk suka watse. Na durƙusa, na buɗe littafin a gabanta ko da yake ba za ta iya karantawa ba, na faɗi abin da na yi.

Ta jawo littafin kusa da ita. Sannan ta ce, “Karanta mini na Larabar da ta wuce.”

“Sau shida, Iya.”

“Sau shida.” Ta sauke numfashi. “To tana raye, kuma ranta a ɓace yake.” Ta dube ni. “Kai maigida, ka tashi korar aljani ka haɗa da yayata?”

An kwana biyu rabon da ta ce mini maigida.

“Buɗe,” in ji ta. “Duka. Har 'yar tallar.”

Na buɗe. Sannan, ba tare da ta sa ni ba, na zauna na kira lambobin nan uku da tawa wayar, ni da ba na son kiran ko wanda na sani. Ta farko ba ta shiga ba. Ta biyu wani mai sayar da taki ne, ya ce masu aron wayarsa ran kasuwa sun fi a ƙirga. Na ukun ya tuna.

“Tsohuwar nan mai daddawa? Ai cewa ta yi wayata ce ba ta da kyau, wai in je in canza.”

Na roƙe shi ya kai mata saƙo. Ya ce shi ɗan Tudun Wada ne, cin kasuwa kawai yake zuwa, bai san garinsu ba. Sai dai Laraba in Allah ya kai mu.

Washegari muryar kamfanin ta dawo. Iya ta ɗauka ta ce, “Kwana biyu. Lafiya dai ko?”

Ranar Laraba tare muka zauna a gindin mangwaro, tana tsinkar zogale, ni ina riƙe da littafin da ban karanta ko layi ɗaya a ciki ba. Bayan azahar wayar ta yi ƙara, muka zuba mata ido, ba ta katse ba. Mai neman karfasa ne.

Iya ta ce, “Ɗana, yau ba kifi, kuma ana jiran layin nan.” Ta kashe. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin ta katse wa mutum magana.

Aka kira la'asar, muka yi salla, muka dawo muka zauna. Shiru. Iya ta daina tsinkar zogalen, hannunta yana cikin ƙwarya kawai. Ni kuma ina ta tunanin cewa sau shidan nan na makon jiya ne, mako guda kuwa ba kaɗan ba ne ga tsohuwa.

Sai muka ji ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida, aka kwaɗa sallama da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa. Wata 'yar tsohuwa ta shigo, ƙafafunta duk taɓo, ɗan acaɓan yana biye da ita da ƙullin kaya. Ta tsaya a tsakar gida ta ƙare wa Iya kallo daga sama har ƙasa.

Ta ce, “Na baro kasuwata, na hau mota uku, na keto dajin Falgore don in zo gaisuwar mutuwa, ashe mamaciyar tana nan tana tsinkar zogale.”

Iya ta miƙe, ƙwaryar ta kife, ba wadda ta kula. Suka riƙe hannun juna. Can Iya ta kai baki kunnenta ta ce da ƙarfi, “Maigidana ne ya toshe wayar.”

Yaya ta juyo ta dube ni ina durƙushe ina gaishe ta.

“Wannan ne maigidan? To kishi ne. Ba ya son a kira masa mata.”

Kwana tara ta yi mana. Rabon su da ganin juna shekara shida, amma ban ji sun yi wata doguwar hira ba. Sukan zauna a tabarma ɗaya suna ɓarar gyaɗa, wannan ta tura wa waccan goro, wani lokaci ɗaya ta faɗi sunan wani da ya daɗe da rasuwa, ɗayar ta gyaɗa kai. Daddawar da ta zo da ita don sadakar mamaciya, da ita muka yi ta miya har ƙarshen damina.

Ana gobe za ta tafi ta kwance haɓar zaninta ta miƙo mini takardar. Ta yi laushi kamar tsumma, lambobi biyu na ƙarshe sun kusa gogewa. Na yanko kwali mai kauri, na sake rubuta lambar da manyan baƙaƙe, na duba sau uku, na naɗe shi da leda don ruwa. Na yi guda biyu, ko da ɗaya zai ɓace.

Wayar kuwa a buɗe muka bar ta. Na ci gaba da toshe waɗanda na ji da kunnena cewa 'yan damfara ne, ɗaya bayan ɗaya, na bar wa Iya 'yar tallarta da masu kifinta. In Bature ya kira nakan je, kuma kafin hutun ya ƙare na koyi in ce “ba ma buƙata” in kashe, ba tare da na yi godiya ba.

Larabar da ta biyo bayan tafiyar Yaya, ana idar da azahar da kaɗan, wayar ta yi ƙara ta katse, ta sake yi ta katse. Iya ta danna kore, ta kanga a kunne, ta kashe, ta mayar da ita jaka ta ci gaba da tankaɗe. Bayan la'asar na karɓa na kwafe lambar a littafina, rana da lokaci, a layin ƙarshe na rubuta “Yaya, lafiya lau”.