Dabo na Rimaye da Irin Rake

Katangar kara ce kawai tsakanina da Dabo, shi ya sa ko tari ya yi sai na sani. Manomin rake ne a fadamar Rimaye, dogo, mai jan ƙafa, ba ya dariya sai da dalili. Ni kuwa aikina ke nan, nemo masa dalilin.

Kowa ya san yadda ake dasa rake: a sari gaɓa mai ido, a binne, ta tsiro. Haka kakansa ya yi, haka ubansa, kuma duk daga kara guda suke ta sara tun fil'azal. To, raken ya gaji. Kowace shekara sai ƙara sirancewa yake, in ka fasa ka tarar da cikinsa ja yana tsami. Dabo ya je har garin Ƙofa ya samo wani, ashe dangi ɗaya ne, ciwo ɗaya. A shekarun ne Bature ya aiko a yawaita rogo saboda yunwa. Sai Babba, wan Dabo mai iko da gonar gidansu, ya ce in raken bai gyaru ba, za a tuge shi a sa rogo, a huta.

Wata kaka wasu karare da bai sara ba suka fid da fure, fari sol kamar jelar doki. Mu dai mun ɗauka ado ne. Dabo ya tsinko, ya zauna a ƙofar gida yana murzawa a tafin hannu. Na leƙa na tambaye shi ko ƙwarƙwata yake nema. Ya ce in matso. Cikin gashin akwai ɗan ƙaiƙayi, cikin ƙaiƙayin akwai ƙwaya, ko irin taba ya fi ta girma.

"Wanga shi ne ɗiyan rake," in ji shi. "Mu duk tsoho muke ta dasawa."

Sai ya yi abin da kowane manomin gero zai yi. Ya zuba cikin ɗan tulu, ya barbaɗa toka, ya liƙe baki da laka, ya sa a rumbu sai damina. Da ruwa ya sauka ya shuka. Ko ɗaya bai fito ba. Na riƙa gaishe shi da "Sarkin noman iska, ina gajiya?" har matarsa Hawwa'u ta hana ni aron turmi.

Bai yi fushi ba, tunani ya yi. Ya ce mini gero na zuwa duniya da guzurinsa, shi ya sa yake iya jiran shekara. Wannan kuwa ɗan abin da ke cikinsa bai kai ya riƙe shi ba, zafin rumbu ya tsofar da shi tun bazara ba ta yi ba. Na ce to ashe jariri ya kulle a tulu.

Kaka ta zagayo, kuma Babba ya riga ya yi maganar dasa rogo. Wannan karon Dabo bai ajiye ba. Yana tsinko furen ya shimfiɗa shi a kan lallausar ƙasa cikin fasasshen kasko, bai ko rufe ba, ya ajiye a inuwa yana yayyafa ruwa da tsintsiya. Na zo da sabuwar tsokana a bakina, sai ya nuna mini kaskon. Wasu korayen zarurruka ne suka tsaya, ba su kai gashin ido ba. Na tsuguna ina kallo. Abin da zai fi ni tsawo, ya cika baki da zaƙi, ga shi numfashina na kaɗa shi.

Yawancinsu sun mutu. Waɗanda suka rayu kuwa ba mai kama da wani: wani siriri kamar gamba, wani salam, wani baƙi mai kauri. Uwa ɗaya fa. Dabo ya roƙi Babba ya bar masa ƙuryar fadama, aka sa rogo a sauran.

Da baƙin nan ya isa sara, Dabo ya kira Babba, ya fasa gaɓa a gabansa. Cikin fari tas, ruwa na bin wuƙa. Babba ya tauna, ya zubar da tuƙa, ya sake miƙa hannu.

"Kar ka cinye mini iri, Yaya," in ji Dabo.

Da aka tone rogon, Babba da kansa ya riƙe gaɓoɓin baƙin raken, Dabo na binnewa a gurbin rogon.