Yafiyar da Na Riƙe

Na shekara ashirin ina toya waina a bakin titi a Gyadi-Gyadi, rabin masu sayenta ma'aikatan asibiti ne. Ban taɓa zaton wata rana su za su riƙa juya ni ba.

Cikina ne ya kumbura, har maƙwabta suka fara tsokanata wai haihuwar tsufa zan yi. Da aka duba, sankara ce a ƙwan mahaifa, kuma ta yi nisa. Bayan tiyata likita ta ce za a iya zuba maganin sankarar kai tsaye a cikina ta wata 'yar roba. Ya fi azaba, wasu ba sa iya ƙarasawa, amma yana iya ƙara min kwana. Alkawari dai ba ta yi ba. Na ce a zuba.

In an zuba, sai nas ta riƙa juya ni dama da hagu kamar waina a tanda, don maganin ya zagaya ko'ina. Ga amai, ga murɗar ciki.

Bayan zubi na biyu 'yan dubiya suka canza salo. Kowa ya shigo sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu yafi juna." Na san wannan gaisuwar, ni ma na sha yi wa waɗanda na fid da ran za su tashi. Ta fi robar yi min ciwo.

Ranar da yayana ya zo daga Hotoro da tasa gaisuwar, na ce, "Yaya, ban yafe ba."

"Ki ji tsoron Allah. Me na yi miki?"

"Ba komai. Amma yafiyar tana wurina sai na gama magani."

"In kuma ba ki gama ba fa?"

"Wa ya nuna maka ranata?"

Ya fita ransa a ɓace. Ni kuma tsoro ya kama ni, kar in mutu da wannan maganar tsakanina da ɗan'uwana. Duk ranar da azaba ta sa na buɗe baki zan ce a cire robar, sai in tuna yafiyar da na riƙe, in daure.

Na ƙarasa maganin. Likita ta ce ciwon na iya dawowa, na ce ya same ni a bakin tanda.

Da na ji ƙarfi na hau adaidaita ni kaɗai zuwa gidan yayana, ko gashin gira maganin bai bar min ba, da kwanon waina a cinyata. Na yi sallama, ya fito.

"Yaya, ga yafiyarka, na kawo maka da ƙafata."

Ya zauna a dakali ya rufe fuska da hularsa. Na tura masa kwanon na ce ya ci tun ba ta huce ba.