Hamma Makaniki da Baƙin Ƙasarsu

Damina takwas ke nan da muka binne Hamma a Yelwa ta Yawuri. Mijin yayata Asabe ne, makanikin injin jirgin ruwa, wanda duk mai jirgi daga Shanga har Wara ya san rumfarsa a bakin kogi. Ba ɗan ƙasar nan ba ne. Yana saurayi ya gangaro ta kogin Kwara tare da masunta daga wata ƙasa da ke sama da mu, wurin ya yi masa, ya zauna, ya yi aure. Sai bana Yaya Asabe ta yarda in rubuta abin da na sani.

Wata ranar kasuwar Wara ya ɗauke ni mu gwada injin da ya gyara. Da muka kai tsakiyar tafki sai ya kashe injin, ya ce, “Bala, magana gare ni. Kada ka katse ni.”

Ya ce shekarun baya wani mutum ya zo rumfarsa ya gaishe shi da yarensu. Ya san ƙauyensu, ya san sunan mahaifiyarsa. Ya ce shi jami’in leƙen asirin ƙasarsu ne, suna bin sawun masu safarar bindigogi ta kogi. Bai ɗauke shi aiki ba, bai yi masa alkawarin komai ba. Taimako kawai ya nema, na ɗan ƙasa ga ƙasarsa. Hamma ya ce ranar daɗi ya ji, don tunda ya bar gida ba wanda ya taɓa nemansa.

Da ƙananan abubuwa aka fara. Ɗaki ga baƙon da zai kwana ya wuce. Aron jirgi ba tare da tambayar inda za a je ba. Labarin jiragen da suka sauko daga sama. Daga baya ya gane suna da irinsa a garuruwa da yawa, mai shayi, direba, mai sayar da magani, ba wanda ya san wani. In asiri ya tonu, babu abin da ke nuna sun taɓa saninka.

Sai aka tambaye shi labarin wani Malam Sanda, mutumin ƙasarsu, tsohon malamin makaranta da ya gudo bayan ya soki gwamnati, ya kama sayar da shinkafa a Shanga. Tare suke cin tuwon Sallah. Aka ce gidan kawai zai nuna, magana za a yi da shi. Ya nuna. Ba a daɗe ba Malam Sanda ya fita kasuwa bai dawo ba, aka tsinci babur ɗinsa a gefen hanya. Matarsa ta zaga asibiti da ofishin ’yan sanda, sannan ta zo wurin Hamma, aminin mijinta, ta roƙe shi ya taya ta nema. Shi ya tuƙa ta ƙauye-ƙauye a bakin ruwa tana nuna hoto.

Da jami’in ya sake zuwa, Hamma ya ce masa ya gama. Mutumin bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Inna tana gaishe ka. Mun leƙa ta, ƙafar ta yi sauƙi.”

Nan Hamma ya dube ni. “Mi za ni yi, Bala? Can ba ni iya komawa, nan ba ni iya buɗa baki.”

Na ce mu je wurin hukuma. Ya ce to, in sun kore shi wa zai riƙe Asabe da yara, in kuma labari ya kai can wa zai tsare masa tsohuwa? Muka zauna ruwa yana jan jirgin a hankali, can ya miƙe ya ja igiyar inji.

Bayan haka ya ci gaba da ba su ɗaki in sun nema, amma bai ƙara nuna gidan kowa ba, kuma kullum yana jiran ranar da za su sake tambaya. Ya daina zama majalisa. In wayarsa ta yi ƙara sai ya ajiye sifana, ya daɗe yana kallonta. Hawan jini likita ya ce ya kashe shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Yawurin yau. Yanzu babu zagin da ya kai a ce da mutum infoma. Tunda ’yan bindiga suka addabe mu, baƙo ba ya sauka gari sai an bi shi da ido, maƙwabci yana sassauta murya don maƙwabci. Mutane na cewa kwaɗayi ne ke kai mutum ga wannan aiki. Ga wasu haka ne. Hamma kewar gida aka kama shi da ita, kuma ina jin da yana raye zai ce mu lura da wanda ya zo mana da yabo da sunan iyayenmu. Ba wanke shi nake yi ba. Matar Malam Sanda har yau ba ta san ko takaba ta kama ta ba.

Ya bar almajiran sana’a da ke ci da iyalinsu a bakin kogin nan, ya bar sunan mutum mai gyara na gaskiya. Akwai kuma abin da ya hana da gangan. ’Ya’yansa biyar, babu wanda ya koya wa kalma ɗaya ta yarensu. In babbar ta kwaikwayi wata kalma sai ya tsawata mata. Mun ɗauka son zama Bahaushe ne. So yake kada kowa ya taɓa samun ƙofar shiga wurinsu.

Tsohuwar tana nan da rai, ta makance. Duk Sallah ’yan’uwan Hamma na can suna kira su kara mata waya a kunne. Ta yi ta magana, jikokinta suna miƙa wa juna wayar, kowa ya ce “Inna” ya miƙa wa na gaba, don babu mai jin yarenta. Allah Ya jiƙan Hamma, Ya bayyana wa iyalin Malam Sanda inda yake.