Gwangwanin Toka a Ƙarƙashin Gado

Duk shekara in bakansi ya zo, wato babban hutun makaranta, gidan da muke haya a Diffa sai ya koma juji. Ƴan mata ne mu duka, ɗaliban jami'a, biyu-biyu ko uku-uku a ɗaki. Ranar tashi kowa ta ƙosa ta kama mota, mai zuwa Damagaram, mai zuwa Maine, abin da bai shiga jaka ba kuwa sai a watsar da shi a tsakar gida. Katifar da ta lotsa, bokitin da ya tsage, tsofaffin kaye da muke rubuta darasi a ciki, ragowar shinkafar da ƙwari suka shiga, takalmi wari guda. Mai gidan, wani Alhaji mai shago a kasuwa, yakan zo bayan mun watse ya tara ya cinna wuta yana mita. Hayaƙin roba ya yi kwana biyu yana shiga gidajen maƙwabta.

A shekarata ta biyu abokiyar ɗakina ta ce wannan abin kunya ne. Ƴar Damagaram ce, ɗiyar ƴan kasuwa, ga tsabta har ta yi yawa, in ta ga ƙura a kan taga ba ta iya cin abinci. Amma zuciyarta fes, wannan ba zan ɓoye ba. Ta tara mu a tsakar gida ta ce ga mutane can bakin kwalta da rikici ya koro, ba su da ko kofin shan ruwa, mu kuma muna nan muna ƙona bokiti. Aka yi shawara bana ba za a ƙona komai ba. Duk abin da zai moru a wanke a ba matan da ke zuwa neman aikatau, takardu a kai wa masu ƙosai. Ni ce na fi kowa ɗaga murya a wurin, don ni da iyayi ba a bar ni a baya. Ni da bakina na ce musu ko tokar murhu kada a zubar a banza, a garinmu a salga ake zuba ta, tana kashe wari. Aka tafa mini.

Abin da ba su sani ba, mutanen bakin kwaltan nan da ake tausayi, uwata na cikinsu. Ni dai na gaya musu iyayena manoman tattasai ne a bakin kogin Komadugu, daga nan na ja bakina. Ban ce mun gudu daga garinmu da abin da ke jikinmu ba. Ban ce babana ya rasu a shekarar da muka fito ba, ko kuma Inna na zaune a bukkar zana da tampol a kai. Kunya nake ji, kunyar banza, wadda in na tuna yau sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar da muka gudu, Inna ba ta ɗauki tukunya ba, ba ta ɗauki zane na biyu ba. Ƙullin irin tattasan babana ta ɗaura a ƙugu. Babana ya yi shekaru yana zaɓen irin nan da hannunsa, daga ɗiban fari, daga gindin da ya fi kowanne kyau. Tattasai ne dogo, mai kaurin jiki, in ya bushe ya yi ja wur ba ya baƙi, masu saye na ganin buhunsa suke gane na wane ne. To irin tattasai ba ya jira, in ya daɗe a ajiye mutuwa yake. Sai Inna ta riƙa yanka tsofaffin bido, wato jarkokin mai, ta cika su da ƙasa, ta shuka ƴan gindi a bayan bukka, tana ba su ruwan da ta yi alwala da shi. Duk shekara ta cire iri ta sake. Ba ta taɓa saka ko guda a miya ba.

A shekarar nan wani ɗan uwan babana ya ce zai ara mata ƴar gona kusa da kogi in lokacin renon iri ya yi. Irin da ta tara ya isa. Ta cuɗa shi da toka yadda ake yi a wurinmu don ƙwari, ta cika wani gwangwanin madara, ta ba ni. Ta ce bukka na yoyo, ga ɓera, ga gobara da ba ta sallama; ni ɗakina na siminti ne. Ta ce in bakansi ya zo in taho da shi, daidai lokacin yafa iri ke nan. Na kawo shi Diffa, na naɗe a baƙar leda, na tura can ƙurya a ƙarƙashin gado. Da na ce wa abokiyar ɗakina, ke, wannan iri ne, kada a taɓa, da shi ke nan. To in na faɗa za ta tambaya me ya sa manoma ke ajiye irinsu a ɗakin haya a birni, ni kuma ban shirya amsa ba.

Ranar tashi da safe na tafi makaranta karɓar wata takarda. Layi ya yi tsawo, mai sa hannu ya fita bai dawo da wuri ba, ban shigo gida ba sai wajen azahar. Tun daga ƙofa na ga aiki ya yi kyau. An share tsakar gida, kaya an jera su gefe-gefe, wasu mata biyu na ɗaure katifu da igiya. A gindin bango an kife kwanuka da gwangwanaye a rana, an wanke su tas suna ƙyalli. Na uku daga hagu gwangwanin Inna ne, na gane shi tun kafin in matsa, don murfinsa a lanƙwashe yake.

Na ɗaga shi, babu nauyi. Na leƙa ciki ina ganin fuskata a gindinsa.

Abokiyar ɗakina ta fito da tsintsiya a hannu tana murmushi, ta ce ta taimake ni ta gyara mini ƙarƙashin gado, har tana yi mini tsiya wai ban da ƙazanta me ake da toka a ɗakin kwana. Na tambaye ta ina tokar. Ta ce an haɗa da ta murhuna, an zuba a salga kamar yadda na ce, ragowar kuma an cike ramin da ruwa ke kwanciya a ƙofar gida.

"Ba ki ga komai a ciki ba?" na ce.

"Wasu ƴan abubuwa fari-fari, na ɗauka ƙwan ƙwari ne. Mene ne, ƙawata?"

Ban san lokacin da na fara zaginta ba. Na ce mata ƴar birni mara kan gado, wadda ba ta san abin da take ci daga ina yake fitowa ba, wa ya aike ta ƙarƙashin gadona. Na faɗi maganganun da har yau ba na so in maimaita. Ta tsaya da tsintsiyarta idonta ya cika da ruwa, tana ta tambaya me ta yi. A nan, gaban kowa, gaban matan nan masu ɗaure katifa, na faɗi abin da na yi shekara biyu ina ɓoyewa. Ɗaya daga cikin matan, wata Babarbariya mai shekarun Inna, ta saki igiya ta je cikin kayan da aka ware ta ɗauko rariyar gari ta miƙo mini.

Na fara zuwa salga, don hankali ya bar jikina. Na durƙusa na haska wayata a ramin. Toka na can ƙasa, ta jiƙe, ta yi laka a kan ƙazanta. Wallahi na yi tunanin a fasa simintin. Matar nan ce ta ja ni ta kafaɗa ta ce wannan ya tafi, mu je ƙofar gida.

Ramin ƙofar gida kuwa an zuba toka, an zuba shara a kai, an watsa ruwan wanke-wanke don ta kwanta, an tattake. Kajin maƙwabta sun riga mu zuwa suna tono. Na kore su da jifa, na zauna dirshan a ƙasa da kayan makaranta a jikina, ina ɗiba da hannu ina tankaɗewa. Rana ta take, tokar wani wuri har da sauran zafin gawayin safe. Abokiyar ɗakina ta zo ta durƙusa a gefena da cokali, na ce ta tashi, ba ta tashi ba, motarta ma ta bari ta tafi. Mu uku muka yi ta tsince har la'asar ta wuce, muna hura toka muna duba kowace ƴar tsakuwa. Duk abin da muka samu bai cika murfin kwalba ba, wasu sun ƙone gefe, wasu sun sha sabulu.

Matar ta ce in kai wa uwata wannan ɗin yadda yake, in gaya mata gaskiya, mace da ta rayar da iri a bido za ta san yadda za ta yi da shi. Na ce to. Amma ina tuna fuskar Inna, da gonar da aka ara mata ta shekara guda tak, da yadda take faɗa wa maƙwabtanta ƴarta na riƙe da amanar a ɗakin siminti, sai ƙafata ta ɗauke ni zuwa kasuwa. Na sayi busasshen tattasai wurin wani mai awo, na zaɓi dogaye masu ja. Ya ce mini haɗe-haɗe ne daga gonaki da yawa, in na miya ne babu laifi. Na ce na miya ne. Na dawo ɗakin da babu komai sai gado, na fasa su ɗaya bayan ɗaya ina atishawa ina kuka, na cuɗa ƴaƴan da toka, na cika gwangwanin. Sannan na juye ɗan abin da muka tsinto a ciki na girgiza. A lokacin gani nake dabara na yi, wai ko ba komai na babana na ciki.

Inna ta karɓa da hannu biyu ta sa mini albarka. Ta buɗe ta shafa tokar da yatsa, ta rufe. Da ni aka yafa irin a fangali, da ni aka yi ta ban ruwa. Ya tsiro da kyau, har tana cewa ji yadda ya yi marmarin ƙasar kogi. Da lokacin dashe ya yi, ta zauna a bakin fangali tana cire masu ƙarfi tana ba ni. Akwai wasu ƴan tsiraru da suka fito a makare, sirara, ganye biyu-biyu. Waɗannan ta tumɓuke ta watsa gefe, haka ake yi, ba a dasa rago. Ina tsaye ina kallo, raina na gaya mini waɗanda suka sha sabulu da zafi ne, su ne na gaskiyar. Ban da tabbas, har gobe ba ni da shi. Na bar su a nan rana ta cinye.

Na koma Diffa aka shiga sabuwar shekara, a wani gidan haya daban. Da ɗiban fari ya zo na je wata Juma'a. Tun daga nesa na ga gonar ba ta yi daidai ba. Wani gindi dogo, wani gajere, wani ƴaƴansa dunƙule-dunƙule, wani sirara masu yaji kamar barkono. Inna na tsakiyar gona da kwando, ba ta tsinka, bin layi kawai take tana ɗaga ganye tana leƙawa. Maƙwabcin gonar ya ce mini kwana huɗu ke nan haka take yi, daga wannan kai zuwa wancan, ta dawo ta sake.

Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Ta tsinki ɗaya ta fasa da farce, ta duba kaurin jikinsa, ta yar. Ta tsinki wani. Can ta zauna a kan kunyar gona, ta ce in zo kusa kada maƙwabci ya ji.

"Ƴar nan, na lalata irin babanki," ta ce. "Idona ne ya mutu ban sani ba. Shekara da shekaru ina zaɓe, ashe shirme nake tarawa. Ke kin riƙe naki da kyau, ni ce ban iya ba."

Na ce, "Inna." Ta ɗaga mini hannu ta ce kada in ba ta haƙuri, kuma kada in gaya wa ƴan uwan babana, ta fi so su ce gonar ce ba ta da kyau. Ta share fuskarta da bakin mayafi, ta ce yamma na yi, ko na miya ne ai sai a tsinke. Maganar na nan a bakina, na ji nauyinta a kan harshe. Ta miƙo mini kwandon, na karɓa, na shiga layin farko na fara tsinka.