Cibiyar Shamsiya a Gindin Ganuwa

Malam Kamalu, mahaucin unguwarmu ta La Guillotière a Lyon, ba ya damuwa da komai in dai wuƙarsa na ci. Amma bara sai ya rame, ka ce rago ya auna maka sa.

Ɗan Chadi ne. Kafin su zo Faransa, shi da matarsa sun yi zaman gudun hijira a Jamus, cikin wata tsohuwar fada ta dutse bisa tsauni. Ginin ya ga duniya. Mayaƙa suka gina shi tun zamanin takobi, ya zama kurkuku, ya zama rumbun hatsi, ya zama makaranta, sannan aka zuba baƙi irinsu. Suna can aka haifi 'yarsu Shamsiya. Babu ungozoma, babu tsohuwa, sai shi ya roƙo mabiyiya a asibiti, ya wanke, ya haƙa rami da ludayi a gindin ganuwa ya binne, yana waige-waige.

To, labari ya iso cewa za a mai da fadar otel, har an fara haƙar wurin ajiye motoci. Ga Shamsiya ta yi aure a Bobigny, kusa da Paris, da cikinta na fari. A garinsu kuwa ana cewa macen da aka tone mabiyiyarta, haihuwa kan zo mata da gardama. Na ce masa camfi ne. Ya ce ai ya sani. Washegari ya rufe shago ya hau jirgin ƙasa.

Ya tarar an farke filin kaf. Da ya zagaya sai ga gindin ganuwa kewaye da shinge, ciyawa ta rufe shi. Mai gadi ya ce nan ne mafi tsufa a ginin, doka ta hana ko ƙusa a kafa. Malam Kamalu ya zauna a ƙasa, ya ji sanyi har cikin ransa.

Ya kira Shamsiya ya gaya mata komai, don ba ta taɓa sani ba. Ta ce, "Baba, ashe ina da wuri. Ɗebo mani ƙasar, ko kaɗan."

"An hana, ɗiyata," in ji shi, yana dariya yana share ido. "Alhamdu lillahi, an hana."