Mutumin da Ke Auna Mota da Buhun Albasa

Duk wanda ya san Malam, mai gidana, ya san ba ya barin matafiyi ya huta. Mutum ya dawo daga wata ƙasa, Malam zai bari a ƙare gaisuwa tsab, ina gajiya, ina hanya, ya ka baro su, sannan ya matso da buzunsa ya ce, "To, can mota buhu nawa ce?" Buhun albasa yake nufi. Ya ce kuɗin takarda ba su da alƙawari, amma buhu buhu ne, ko a Bakolori ko a Makka.

Ba son ƙawa ya jawo haka ba, ni ce dalili. Shekarar da autarmu Saratu ta haihu a Maradun, na hau mashin zan je ganin jariri, munka faɗa rami, ƙuguna ya goce. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ƙafar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Mashin ya fi ƙarfina, motar haya kuwa cusa mutane ake kamar kaji. Ranar da anka kwance ɗorin Malam ya ce, "Ta Damri," haka yake kirana da sunan garinmu, "ba ki ƙara zuwa wurin ɗiyarki sai cikin motarki." Na ce Allah ya nuna mana. Daga nan duniya ta shiga uku.

Da maƙwabcinmu Alhaji Mamman ya dawo aikin hajji, kowa na amsar dabino da zamzam, Malam ya jefa tambayarsa. Ina jin su ta katanga.

"Malam, ni ibada ta kai ni," in ji Alhaji.

"Daga Jidda a ƙasa ka taka?"

Dole Alhaji ya faɗi abin da ya ji ga direbansu. Na san Malam na can yana juya riyal zuwa naira, naira zuwa albasa, a kan yatsunsa. Sai ya ce, "To lebura can, wata nawa zai yi kafin ya saye ta? Araha ba ga mota take ba, ga aljihun mai saye take."

"Baɗi ka biya kujera, ka tambaye su da kanka."

"Allah ya kira mu. Amma in na je, ni zan dawo da amsa."

Wata rana wani dillali ya ce mashi a Kwatano motoci banza ne. Malam ya shigo gida hula a goshi, yana tambayata fara nake so ko shuɗiya. Kafin Juma'a ta zagayo ya gano kuɗin kwastan, da na takardu, da na direban da zai kawo ta, ga sefa, kuɗin can, ta hau kan naira ta zauna. Ya ce, "Mota guda, saye biyu. Ka saya ga mai ita, ka saya ga gwamnati."

Na ce, "Kai dai saya ga ɗaya mu gani."

Shekarar da albasa ta yi mana kyau, abin da ya tara ya isa wata tsohuwar mota a Bakura. Na ce ya sayar ya saya. Ya ce a'a, ya ji a rediyo naira za ta tashi, in an jira sai a samu wadda ta fi ta. Ya shimfiɗa albasar a rumfa. Ni ban yi boko ba, amma ina da hanci. Na ce, "Malam, albasar ga ta fara magana." Ya ce in bar mashi sha'anin kasuwar duniya. Rabi ta tsira, rabi ta ruɓe, naira kuwa ƙasa ta ƙara yi. Na iske shi zaune gaban rumfar, ba ya ko korar ƙuda. Maganar tana bakina, kun san ni ba na haɗiye magana. Ranar na haɗiye, na kai mashi fura.

Ba a daɗe ba anka aiko Saratu ba lafiya. Ya ce in ɗauko mayafi. Munka tafi tasha a hankali, ina dafe da shi. Kujerar gaba mutum biyu ake sakawa. Malam, wanda ke takowa daga Ruwan Gizo don kada ya biya mashin, ya biya na biyun, ya sa Ɗan'ige direba ya tura kujerar baya, ya miƙe mani ƙafa a kan rawaninsa. Shi ya shige baya, gwiwa har haɓa. Ba mu fita Mafara ba ya fara.

"Ɗan'ige, irin wannan a Nijar..."

"Baba Malam, don Allah bar ni in ga hanya."

Sai ya leƙo ta kafaɗata. "Kin gani, Ta Damri? Rabin motar ga naki ne har Maradun, kuma ba kwastan."

Haka munka yi ta zuwa har ƙarshen ransa. Mota dai bai saya ba, ni kuma ban ƙara rasa ganin ɗiyata ba.

Da na fita takaba na tafi tasha ni kaɗai, da kuɗin mutum biyu ƙulle a bakin zane. Ɗan'ige ya buɗe mani gaba, ya amshi na ɗaya ya maido saura. Wani fasinja ya ce ai akwai wuri, a matsa. Ɗan'ige ya ce, "Babu. Baba Malam ya biya wannan da surutu." Anka yi dariya. Ni hanya na duba, don har Maradun ba wanda ya leƙo ta kafaɗata.

Allah ya jiƙan Malam. Yadda ya nema mani sarari, Allah ya yalwata mashi kabarinsa, ya sa ya huta.